Farar Ƙurar Gidan Hajja Laraba

Shafi na 31

Masu cika mini waya da saƙo tun da sassafe kuna cewa na fiye mugunta, na ji, kuma ban tuba ba. Ke kuma da kika ce in tausaya wa Khadiga ko sau ɗaya, 'yar'uwa, ba ni ce na haifi mutanen gidan nan ba, yadda suke haka nake rubuta su. Mai raunin zuciya ya tsallake shafin yau, kada a ce ban faɗa ba.

Sati uku cur rabon Khadiga da ta sa mijinta Haliru a ido. Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, an yanke masa kusan kamu guda na babban hanji, likita ta ce ciwon daji ne, uwarsa Hajja Laraba ta jawo angareb ɗinta, gadon nan na igiya, ta gicciye shi a bakin ƙofar ɗakin ta zauna daram. Wai fakin unguwa, malamin duba, ya duba ya ce a abinci aka ba shi, kuma hannun da ya ba shi a cikin gidan yake kwana. To wa ke dafa wa Haliru abinci shekara goma sha tara? Ko la'asar ba a kira ba aka cusa wa Khadiga kayanta a buhun gawayi, ita da 'yarta Rim suka koma gidan yayarta can ƙarshen Umbadda. Kullum sai ta zo, kullum a bakin gadon nan take juyawa. Ta durƙusa, ta yi kuka, ta dafa Alƙur'ani, Hajja ko kallo ba ta ishe ta ba.

Ranar Alhamis ta tsallaka Khartoum wajen Diktora Hiba, likitar da ta yi masa aikin, ko za ta samu takardar da za ta wanke ta.

"Guba ba ta yin wannan, ya Khadiga," in ji diktora. "Wai wace sana'a mijinki yake yi? Ranar aiki na tambayi yayansa, ya ce mini ɗan kasuwa ne."

"Kwanon rufi yake yankawa. Irin na da ɗin nan mai ruwan toka, da tsofaffin bututun ruwa. Isbistos suke ce masa. Yaya Ilyasu ne ke kawowa, shi kuma ya yanka a tsakar gida, a sayar wa masu kafa rumfa da masu gasa agashe."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya aure ni. An haura shekara ashirin da biyar."

Diktora ta ajiye bironta. Ta ce ƙurar abin nan huhu take fara ci, wannan kam babu gardama a kai. Hanji kuwa, wasu masu bincike sun ga ciwon ya ɗan fi yawa a cikin waɗanda suka daɗe a aikin, ana zargin wadda ake haɗiyewa ce, amma ba a gama tabbatarwa ba.

"Ba zan rubuta miki cewa ita ce ba, don ba zan iya rantsuwa ba. Amma da ni ce, ko akuyata ba zan ɗaure a tsakar gidan nan ba. Ke da 'yarki ku zo a duba ku."

Haka ta fito babu takarda. A cikin bas, tun daga kasuwar Suk al-Arabi har suka maƙale a cunkoson gada, abu ɗaya ke cin ta. Ɗan kasuwa? Me ya sa Ilyasu ya yi wa likita ƙarya? Daga nan sai wani abu ya faɗo mata. Shekara goma sha tara tana gidan, ba ta taɓa ganin Ilyasu ya ci loma ɗaya a tsakar gidan uwarsa ba. Yau azumi yake, gobe ya ƙoshi, jibi cikinsa ne ke damunsa. Ko ruwan randarsu bai taɓa sha ba. Ita kuwa baiwar Allah duk tsawon lokacin nan ta ɗauka girkinta yake ƙyama.

Ranar Juma'a da hantsi ta bi ta bayan gidan, inda ake tara ɓarɓashin yanka, ta ɗebi garin cikin leda ta ɗaure a bakin tob ɗinta, lulluɓin da ta yafa. Sannan ta zagayo ta yi sallama.

Duk suna ƙarƙashin rumfa. Hajja a kan gadonta, ƙofar ɗakin Haliru a bayanta. Ilyasu ya zo daga Kalakla cikin farar jallabiya da rawani, sai ƙamshi yake, matarsa Sittana tana jera karin kumallo. Ful ɗin, dafaffen waken nan da cuku a kai, daga gidansu suka taho da shi a kula, har ruwan sha a jarka suka kawo.

Babu wanda ya amsa sallamar.

"Gara da kika kawo kanki," in ji Ilyasu, ko ɗagowa bai yi ba. "Kin hutar da ni aike. Yau zan shiga in sa ya rubuta miki takardarki, kalas, kowa ya kama gabansa. Mun rufa miki asiri ba mu kai ki wajen hukuma ba, sai ki gode wa Allah."

"Ina kwana, Hajja. Ya mai jiki?"

"Tambayi hannunki," in ji Hajja.

"Minti biyar kawai. In gan shi in fito. Ko daga bakin ƙofa ne."

"Ki ƙarasa shi ke nan? Wanda kika zuba bai isa ba? Yaron da na haifa kamar bijimi, yau da hannu ɗaya nake juya shi. Jakar bayan gida a gefen cikinsa kamar jariri. Ki tsaya a gabana da idanunki ƙuru-ƙuru ki ce ya mai jiki!"

Sittana ta taɓe baki. "Ni dai tun ranar da aka kawo ta na ce idon nan bai yi mini ba."

Oh ni! Sittanar da Khadiga ta yi wa zaman jego sau huɗu, ita ce yau da wannan magana.

Khadiga ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare tun makon jiya. Ta matso bakin tabarma ta durƙusa kamar mai neman gafara, ta kwance bakin tob ɗinta a hankali.

"To shi ke nan, Yaya. Tunda tafiya zan yi, bari in mayar muku da kayanku."

Ta buɗe ledar, ta ɗaga ta sama, ta zazzage. Iska ta kwashi farin garin ta watsa a kan tabarma, a kan kwanon ful, a kan farar jallabiya.

Jama'a, ku zo ku ga tsalle! Ilyasu, mutumin da sai an riƙe masa hannu yake hawa mota, wuf ɗaya ya dira bakin zaure. Ya fizgo jelar rawaninsa ya toshe hanci da baki.

"Sittana, rufe hancinki! Kada ki shaƙa! Tashi daga nan, ya zola, ke matar nan! Kada wanda ya taɓa abincin nan, a zubar da shi da kwanon gaba ɗaya!"

Ƙurar ta gama yawonta ta kwanta.

Khadiga ta karkaɗe hannunta.

"Ƙura ce fa kawai, Yaya."

Ilyasu ya ƙara ja da baya. Idanunsa kaɗai ake gani a saman rawanin.

"Ba haka kake ce wa Haliru ba? Ƙurar siminti ce, namiji ba ya tsoron ƙura. Ai ban ce maka komai a kanta ba tukuna. Ban ce ga abin da likita ta faɗa ba. Me ka sani da mu ba mu sani ba?"

"Mahaukaciya! Jallabiyata nake ji, sallar Juma'a zan tafi."

"Jallabiya a hanci take?"

Hajja ta dubi ɗanta, ta dubi garin da ya zuba har a kan ƙafarta.

"Ilyasu, mene ne wannan?"

"Yumma, kada ki saurare ta. Wani sabon sharrin ta ƙullo."

"Hajja," in ji Khadiga, "kin tuna yadda Haliru da leburorinsa suke karin kumallo? Nan gindin injin yanka suke ajiye kwanon ful, ƙura ta rufe shi fari fat, su yi dariya su ce cukun talaka ke nan, su sa hannu. Kullum ta Allah. Kin taɓa ganin Yaya ya zauna da su? Kin taɓa ganin ya kawo su Walid sun kwana a gidan kakarsu? Jiya likita ta ce mini ƙurar nan tana cin huhu, ana zargin tana cin hanji ma. Ta ce ta tambayi Yaya sana'ar ƙaninsa, ya ce ɗan kasuwa ne."

Sittana tana maƙale da bango, tob a hanci, tana ta goge fuska. Ƙurar ta shiga gashinta, ta shiga idonta. Tsoro ne ya buɗe mata baki, ba tausayi ba, kada ma ku yi mata wannan zaton.

"Sajami, na shiga uku! Abu Walid, na shaƙa! Wallahi na ji ta a maƙogwaro! Kai ka ce muhandis Muzammil, injiniyan nan, ya ce ko kaɗan ce tana zama a jiki har abada!"

"Rufe mini baki!"

"Ba zan rufe ba, ni ce zan mutu! Ka kai ni asibiti yanzun nan!"

"Wane muhandis?" Hajja ce ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Sittana ta ga ta riga ta yi ɓarin zance, sai kawai ta ƙarasa, tana kuka tana tari na ƙarya da na gaskiya. Wai tun lokacin da aka fara rushe tsofaffin rumbunan auduga, muhandisin da ya ba Ilyasu aikin kwashe rufin ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce a jiƙa kwanon da ruwa, kada a fasa, kada a yanka, a kai shi bayan gari a binne. Ilyasu ya ce to. Mota ta fita kamar za ta hamada, ta kewayo ta sauke kaya a Umbadda. A shekarar ne ya tattara iyalinsa ya koma Kalakla. Ko ya zo gidan nan ya koma, a waje yake tuɓe kayansa, ba a haɗa wankinsu da na yara.

"Shekara nawa?" in ji Khadiga.

"Ina da cikin Walid."

"Walid ɗin da aka yi wa aure bara."

Kun zaci kunya za ta kama Ilyasu? Ba ku san mutumin ba. Ya sauke rawanin daga bakinsa a hankali, ya gyara tsayuwa, har da ɗan murmushi.

"To na ji. An ce mini. Mutum nawa ke yanka abin nan a Omdurman, duk sun mutu? Likitar taki ta rubuta miki cewa shi ne? Nuna takardar."

Khadiga ta dubi ledar da ke hannunta, babu komai a ciki.

"Babu ko? Zargi ne. To ni ma bari in yi nawa zargin. In ma ƙurar ce ta shiga cikinsa, ta ina ta fi shiga? Da me kike goge tukwanen gidan nan? Duk unguwa an san tukwanen Khadiga sun fi na kowa ƙyalli. Kullum da yamma ki share garin nan ki tara a gwangwani, ki dirje tukunya da shi, ki ɗauraye sama-sama, ki ɗora miya. Ƙarya na yi? Ashe faki bai yi ƙarya ba. A abinci aka ba shi, kuma hannunki ne."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta tuna gwangwanin, yana nan ma har yanzu a gindin murhu. Ta tuna Rim tana ƙarama tana lasar cokali.

Ta juya ga tsohuwar.

"Hajja, wa ya koya mini?"

Hajja ta kawar da kai.

"Kwana uku da kawo ni, ina goge tukunya da toka, kika ƙwace kika ce amaryar ƙazama ce, gidan nan ba a amfani da toka, ga garin Haliru ya fi yashi kyau. Da hannunki kika nuna mini. Ko na yi miki ƙarya?"

Hajja ta sunkuya. Ta sa yatsa ta shafo garin da ke kan ƙafarta, ta kalle shi, ta goge a jikin igiyar gado. Na ɗauka yanzu za ta fashe da kuka ta rungumi surukarta. Wallahi ni kaina da nake rubutawa na so haka.

"Sittana, rufe ƙofar zaure," in ji ta.

Aka rufe.

"Maganar nan a nan ta mutu. Wanda ya fitar da ita ban yafe masa ba, duniya da lahira."

"Hajja, yanzu kin san ban yi ba."

"Na sani."

"To ki bar ni in shiga."

"In kin shiga, me zan ce wa mutane? Duk unguwa sun ji abin da faki ya faɗa. In ba ke ba ce, za a tambaya wane ne. Ɗaya yana kwance, Allah kaɗai ya san kwanansa. Kina so a nuna ɗayan da yatsa a masallaci a ce ga wanda ya kashe ƙaninsa? 'Ya'ya biyu gare ni, ba zan binne su rana ɗaya ba. Ke bare ce. A zage ki shekara biyu, a manta."

"Rim fa? Jikarki ce. A makaranta ana ce mata 'yar mai guba."

"Yarinya ce, za ta girma."

Khadiga ta buɗe baki, sai ga ƙarar sakata a bayan Hajja. Ƙofar ta buɗe kaɗan, sannan ta buɗe gaba ɗaya.

Haliru ne. Ya riƙe ƙyauren da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da gefen cikinsa ta ƙarƙashin riga. Da ba don tabon goshinsa ba da ba ta gane shi ba. Wuyan ya zama siriri, idanun sun faɗa ciki. So da tausayi suka taso mata lokaci ɗaya har ta manta da kowa a wurin.

"Abu Rim! Ka ji? Ka ji abin da Sittana ta faɗa? Ya sani! Tun kafin a haifi Walid ya sani, ya bar ka kana haɗiya!"

"Na ji." Muryar ba ta fita sosai. "Ki daina ɗaga murya, maƙwabta."

"Maƙwabta? Yayanka ya..."

"Na sani, Khadiga."

"Ai yanzu ka sani."

"Ba yanzu ba. Shekara tara ke nan."

Ba ta fahimta ba. Ta tsaya tana kallon bakinsa.

Ya jingina da ƙyaure, yana magana yana hutawa. Wata rana ya kai kaya Suk al-Arabi, jikinsa fari fat, sai wani dattijo ya tsayar da shi ya tambaye shi ƙurar mece ce wannan. Muhandis Muzammil ne. Da ya ji sunan Ilyasu sai ya dafe kai. A nan gefen titi ya faɗa masa komai. Ya dawo ya sami yayansa, yayan ya ce aikin gama ya gama, in ya daina me zai ci, kuma in Yumma ta ji zuciyarta bugawa za ta yi. Shi ke nan ya ci gaba.

"Shekara tara," in ji Khadiga. "Kana gani ina share garin nan da tsintsiya. Kana gani ina kaɗe rigarka kafin in wanke. Kana gani ina goge tukunya, in zuba wa Rim abinci."

Ya sunkuyar da kai.

"Da na ce ki daina, za ki tambayi dalili."

"Sati ukun nan fa? Tagar nan a buɗe take. Ka ji ana ce mini mai guba?"

"Na ji."

"Ka ji ranar da na dafa Alƙur'ani?"

"Na ji."

"Ranar da Hajja ta tofa mini yawu ina durƙushe, ina kiran sunanka?"

"Ina ji, Khadiga. Ba barci nake ba."

"To me ya sa? Don Allah ka faɗa mini me ya sa."

Ya ɗago ya dube ta, da idon nan da ta saba gani in yana so ta yi masa uzuri.

"Ke za ki iya ɗauka. Su ba za su iya ba."

Ilyasu ya sauke ajiyar zuciya, ya shiga karkaɗe jallabiyarsa da bayan hannu. Sittana ta daina tari.

Haliru ya juya ga uwarsa. "Yumma, bar ta ta shigo. Babu wanda ya iya kula da ni kamar ita, ke ƙarfinki ya ƙare. A ce wa mutane na yafe mata."

"Ka yafe mini," in ji Khadiga. Da ƙyar ta ji muryar kanta.

"Haka ya fi sauƙi ga kowa. Ba sai an rubuta takarda ba, ba sai an tona komai ba."

Hajja ta auna maganar, sannan ta gyaɗa kai. Ta sauko da ƙafafunta, ta miƙe da ƙyar, ta kama gefen gadon ta ja shi. Ƙafafun katakon suka yi ƙara a ƙasa. Hanya ta buɗe, taku uku ne tsakanin Khadiga da mijinta.

"To shiga," in ji Hajja. "An yafe miki. Ki ce kin gode."

Haliru ya saki ƙyauren ya miƙo mata hannu, yana tangaɗi, in ba a tare shi ba faɗuwa zai yi.

"Khadiga, riƙe ni."

Ta kalli hannun. Ƙafarta ko motsi ba ta yi ba.